Ya Ce A Rubuta Maigadi Ne

Jama'a, yau ku yi haƙuri da ni, ba labarin turare da hirar waya na kawo muku ba. Wadda ta san tana cin abinci ta ajiye cokali tukuna. Ni kaina hannun da nake rubutun nan da shi sau bakwai na wanke shi da sabulu, amma har yanzu ƙyanƙyaminsa nake ji.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, ni nas ce a ɗakin masu ciwon ƙirji na wani asibiti. Shekarata ashirin da bakwai, ni kaɗai na rage a gaban iyayena, ƙannena mata biyu duk sun riga ni tafiya ɗakin miji. Kun dai san irin kallon da ake yi wa irina a gida. Ko atishawa na yi sai Gwaggo, yayar Abbana, ta ce rashin aure ne.

Abba tsohon malamin makaranta ne. Lokacin korona kwana goma sha tara ya yi a gadon asibiti, ya fito da ransa amma huhunsa bai dawo ba. Daga ɗakinsa zuwa banɗaki sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. A gefen gadonsa akwai injin iska, wani farin akwati mai taya da ke ta gurnani, da siririn tiyo mai 'yan baki biyu da ke shiga hancinsa. Robar hancin nan ni nake wanke ta, ni nake canza ta, ko Umma ban yarda ta taɓa ba sai ta wanke hannu. Likitan ƙirjinmu ya taɓa ja na gefe ya ce, "Mahaifinki ba shi da rarar huhun da zai sake yin wani ciwon da shi. Ko mura ce ki tsare masa." Maganar nan da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Sai mutumin. A gidanmu Mai Madara ake ce masa, domin yana da garken raƙuma a bayan gari, yana ɗura madararsu a kwalabe masu tambari yana kai wa manyan shaguna. Dogo ne, wankan tarwaɗa, gemu a gyare, kullum cikin farin yadi mai karin guga. Turarensa yakan riga shi shigowa falo. Amma in ka shiga motarsa, ƙarƙashin turaren akwai wani wari mai kauri, warin garke, wanda ni a lokacin har daɗi yake mini, wai alamar namiji mai neman na kansa. Kada wata ta tausaya mini ta ce tilasta ni aka yi. Ni na gani na ce ina so, wata bakwai ina kallon kitse ga rogo da idona biyu. Ranar Lahadin nan mai zuwa manyansa za su zo wurin Abba, Umma har ta canza labulen falo ta sa mai ruwan zuma.

Duk Asabar yakan kawo wa Abba kwalba shida, ya ce a sha ɗanye, wai tafasawa na kashe maganin. Ni kuwa da ya juya baya sai in juye a tukunya in tafasa, in bari ta huce in mayar kwalba. Wannan ce ƙaryar da nake yi masa, kuma ban taɓa nadamarta ba.

Asabar ɗin da ta wuce ya same ni a tsakiyar falo, na baza farin kwali a kan kafet, ina sanye da tsohuwar doguwar rigata ta zaman gida da ɗankwali a karkace, hannuna duk tawada. Sista babba ce ta ɗora mini aikin koyarwar ɗakinmu na wannan watan, ta ce in kwatanta manyan cututtukan numfashi uku na dangin korona. Na ja layi uku, kowanne da sunansa a sama. Abba na kan kujerarsa, an jawo masa injin har bakin ƙofa. Gwaggo na gefe tana yanke farce, Umma na shiga tana fita da kofunan shayi.

Abba ya ce, "To malama, yi mana darasin mu ji. In ban gane ba, su ma ba za su gane ba."

Na gyara zama na ce, "Abba, gida ɗaya suka fito, duk sunan gidansu korona, auta ce kawai ta ƙwace sunan. Babban shi ne SARS. Sama da shekara ashirin ke nan da ya ɓulla. Cikin mutum goma da ya kama yakan tafi da ɗaya, amma sai mutum ya kwanta rijif yake yaɗa shi sosai, shi ya sa da aka killace marasa lafiya sai ya ɓace. Autar kuwa, wadda ta kama ka, 'yar yawo ce. Mutum na kasuwa yana dariya, bai san yana raba ta ba. Kaɗan take kashewa cikin ɗari, amma da yake duniya duka ta zagaye, ita ta fi kowa ɓarna."

"Na tsakiyan fa, mai hoton dabba?"

"Shi ne MERS. Shi ba ya son yawo, ɗaki yake so. Ɗakin asibiti, ɗakin jinya, mutum biyu kusa da kusa. Ba ya kama mutane da yawa, amma cikin uku da aka tabbatar suna da shi yakan tafi da ɗaya, kuma in ya gama da huhu sai ya sauka ƙoda. Tsofaffi da masu tsohon ciwo ya fi kayarwa. Daga raƙuma yake tsallakowa, musamman ƙananan in suna majina."

Gwaggo ta hure farcenta ta ce, "To mu ina ruwanmu? Ai ƙanena ya gama da su. Abin nan kamar ƙyanda ne, wanda ya yi ya yi. Ga allura har uku an tsira masa."

"Gwaggo, ba haka ba ne. Allurar ta auta ce. Na tsakiyan bai san an yi ba."

"Ke dai kin faye iyayi. Boko ya sa kina ganin ciwo har a cikin ruwan sha."

Mai Madara ya sunkuyo yana kallon ɗan raƙumin da na zana a saman layi na biyu. Ya yi dariya, amma dariyar iyakarta baki.

"Nas ɗina, goge wannan mana. Kina so ki kashe mini kasuwa? Kakana a tsakiyar raƙuma yake kwana, shekara casa'in ya yi yana taka ƙasa da ƙafarsa."

"Ni ba naka na zana ba."

"Duk raƙumin garin nan nawa ne ai," ya faɗa, kowa ya kwashe da dariya har da ni. Umma ta harare ni ta gefen ido, irin hararar da ke cewa ki kama bakinki, saura mako guda. Na naɗe kwalina na kai ɗaki.

Ranar Talata aka kwantar mana da wani tsoho a gado na huɗu. Zazzaɓi, tari, numfashi sama sama. A fom ɗin karɓa akwai layin sana'a, akwai kuma wata tambaya a ƙasa da yawanci ake tsallakewa da gudu: ko mara lafiya yana hulɗa da dabbobi, ko ya yi tafiya kwanan nan. An rubuta maigadi, an rubuta a'a, an rubuta a'a. Gwajin korona ya fito babu, aka ce ciwon sanyin haƙarƙari ne na tsofaffi, aka bar shi a buɗaɗɗen ɗaki tsakanin mai tarin asma da mai ciwon zuciya. Wanda ya kawo shi ya biya komai a ƙofa ya tafi, ba wanda ya ga fuskarsa a ɗakinmu. Kwana biyu ana ba shi magani, jiki sai baya yake yi. Ranar Alhamis da safe na duba ledar fitsarinsa na ga ko rabin kofi bai tara ba tun jiya.

Ni aka ba gyaransa a ranar. Na sa takunkumina da safar hannu, na jawo labule, na fara goge masa jiki. Tafin hannunsa kamar busasshiyar fata, ga tsohon tabon igiya a yatsu. Da na ɗaga rigarsa da ke cikin leda a ƙarƙashin gado zan matsar, wani wari ya ratsa takunkumin ya dake ni. Na san warin nan. Na tsaya da rigar a hannu ina tunanin inda na san shi, zuciyata kuwa ta riga ta ba ni amsa, ni ce dai na ƙi karɓa.

Tsohon ya buɗe ido ya kama hannuna. "'Yata, an shayar da ɗan taguwar nan?"

"Taguwa? Wace raƙuma ke nan, Baba?"

"Ja ɗin. Ɗanta ba ya kama nono, hancinsa ya toshe. Duk ƙananan majina suke, ni nake share musu da hannuna." Ya yi tari har gadon ya girgiza. Sai kuma ya zaro ido kamar wanda ya tuna wani abu. "A'a. Ni maigadi ne. Ƙofa nake tsaro."

Daidai nan 'yar ƙaramar wayarsa ta hau ruri a ƙarƙashin matashi. Ya kasa ɗaga hannu, ya yi mini alama in taimaka. A fuskar wayar an rubuta Maigida, a ƙarƙashi kuma lamba. Jama'a, lambar da ko daga barci aka tashe ni zan karanto ta ce. Na danna, na kara masa a kunne, kaina na kusa da nasa.

"Baba tsoho, ya jikin? Ka dai tuna abin da na gaya maka ko? Duk wanda ya tambaye ka, kai maigadi ne. Kada ka kuskura ka ambaci garke. In suka ji, rufe mu za su yi, kai ma ka rasa abinci."

Muryar da ke ce mini ranki ya daɗe duk safiya. Muryar da nake ajiye saƙonninta in sake saurare. Na kashe wayar, na gyara wa tsohon bargo, na fita.

Ɗakin wanke kwanonin fitsari na shige na turo ƙofa, nan ne kaɗai ba mai bin ka. Na cire safar hannu, na wanke hannu, na ciro wayata.

Na rubuta: "Tsohon da ke gado na huɗu makiyayinka ne?"

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya daina, ya fara, ya daina. Can sai ga shi: "Wa ya gaya miki?"

"Ni na riƙe masa wayar."

"Alhamdu lillahi da ke ce ba wata ba. Allah ya rufa mana asiri ke nan."

"Me ya sa ka ce a rubuta maigadi?"

"Ai yana gadin ma wani lokaci. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya."

"Ƙananan raƙumanka suna majina. Ƙodarsa ta fara tsayawa. Ka ga kwalina ranar Asabar, ka san abin da nake tsoro."

Sai ya turo saƙon murya. Na kara a kunne ina kallon kwanonin da aka jera a kan kanta.

"Haba nas ɗina, haba amaryata. Kalma ɗaya ce fa a takarda. Magani ai magani ne, ko maigadi ko makiyayi allura ɗaya za a yi masa. Wata uku ina bin manyan shagunan nan kafin su karɓi kayana. In aka ji an killace garkena, wa zai sake shan madarata? Gidan da za ki shiga fa nake ginawa. Ki bari Lahadi ta wuce, wallahi ni da kaina zan kira likitan dabbobi." Ya tsaya ya yi tari, busasshe, sau uku, ya ja numfashi ya ci gaba. "Ki yi mini wannan, ki nuna mini ke tawa ce."

Yanzu ga abin da ya sa na ce ina ƙyanƙyamin hannuna. Da ina son ku yabe ni, da sai in ce muku a take na ruga wurin likita. Ban ruga ba. Minti arba'in na yi ina zagaye. Na je na jera magunguna a tire, na cike takardar awon zafi, na amsa gaisuwar masu jinya. A raina ina ta lissafin banza: labulen Umma, bakin Gwaggo, ƙawayen da na riga na gaya wa, shekara ashirin da bakwai. Har na ce wa kaina ai wataƙila ba shi ba ne, ciwon nan ba kasafai ake ganinsa ba, kwana uku kawai ya rage. Ni da na zana raƙumi da hannuna, ni ce nake wannan tunanin. Son zuciya ɓacin zuciya, na yarda.

Abin da ya dawo da ni hayyacina, juyowa na yi na hango abokiyar aikina, mai cikin wata shida, ta jawo injin turara magani ta ɗora wa tsohon a fuska. Tururin na tashi yana bin ɗakin, ita kuma takunkuminta na ƙarƙashin haɓa saboda zafi, tana sunkuye a kansa tana yi masa sannu. Na yar da tiren na isa na fisge wayar injin daga bango.

"Ke lafiyarki?"

"Fita. Ja takunkuminki ki fita, ki kira mini likita da sista."

Na faɗa musu komai a tsaye a bakin ƙofa, ban rage ba, har da minti arba'in ɗin. Sista babba ta yi mini wani kallo da ya fi mari. Likita ya cire tabarau ya murza ido.

"Kwana biyu a buɗaɗɗen ɗaki," ya ce. "Da korona ce da tuni ta gama zagaye mu, amma yawancinmu za mu tashi. Wannan in shi ne, ba zai kama da yawa ba, sai dai wanda ya kama a yi masa addu'a. A mai da shi ɗakin killacewa yanzu. A ɗebi samfur daga can cikin ƙirji, na hanci ba ya wadatarwa. A rubuta sunan duk wanda ya shiga ɗakin nan tun Talata."

Nan da nan ɗaki ya hargitse. Aka rufe ƙofa, aka fito da rigunan leda, masu jinya na ta tambaya ba mai ba su amsa. Mai cikin ta zauna a kan benci ta dafe cikinta da hannu biyu, ta ɗago ta kalle ni. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Likita ya dawo da takarda a hannu. "Shi maigidan nasa, kin ce kin san shi. Lafiyarsa ƙalau?"

Sai a lokacin tarin nan uku ya dawo mini a kunne.

"Yana tari," na ce.

"Tun yaushe? Da wa da wa yake zama?"

"Ban sani ba. Rabona da shi tun Asabar."

"Ki nemo mini. Ke ma ki tafi gida, ki shige ɗaki ke kaɗai da takunkumi har sakamako ya fito. Kada ki kusanci mahaifinki."

Na kira Mai Madara sau huɗu bai ɗauka ba. Na kira Umma, ina cire rigar aiki da hannu ɗaya.

"Umma, in mutumin nan ya zo kada a bar shi ya shiga, ko falo."

"Wane mutumin? Ke ba ki iya sallama ba ne?"

"Mai Madara, Umma."

"Au, ai yana nan. Yana ɗakin Abbanki suna hira. Yaron kirki, tun Litinin kullum sai ya zo da rana ya zauna da shi. Cewa ya yi kada a gaya miki, wai so yake ya saba da surukinsa ba da saninki ba."

Ban san yadda na fito titi ba. Na tare tasi na ce ya kai ni ni kaɗai, na zuge gilashi, na ƙara takunkumi na biyu a kan na farko. Direban na ta ba ni labarin tsadar taya, ni kuwa ba abin da nake gani sai ɗakin Abba: taga ɗaya, labule mai kauri, kujerar baƙo da ke manne da gado.

Motarsa na ƙofar gida. A bakin falo ga takalmansa masu sheƙi an jera su tsaf. Gwaggo na zaune da sabon leshin da za ta sa ranar Lahadi a cinya tana duba ɗinkin, ta ɗago ta ce, "Ke kuma wannan wace shiga ce kamar mai fashi?" Ko tsayawa ban yi ba. Na wuce Umma a tsakar gida da tire a hannu, na tura ƙofar Abba.

Injin na gurnaninsa kamar kullum. Abba na jingine da matashi, hancinsa ba komai, bakinsa a buɗe yana jan iska da ƙyar, leɓɓansa sun fara duhu. A kujerar baƙo kuwa ga angon Lahadi, ya cire hula, ya ɓalle maɓallan wuya, gumi na bin gemunsa, ya lumshe ido. Robar hancin Abbana tana cikin hancinsa.

Na taɓa kwashe amai da hannuna, na taɓa wanke gyambon da ya yi tsutsa, ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Duk kyan nan da nake gani, farin yadin, agogon, gemun, sai na ga ba komai ba ne illa ƙaton mutum mai majina da ya zauna yana shan iskar tsoho.

"Cire," na ce.

Ya buɗe ido ya zabura. "Nas ɗina, tsaya ki ji..."

"Cire ta!"

Ya zare ta, ga danshi a bakin robar yana ƙyalli. Ya goge da gefen hannun rigarsa, wai shi mai tsabta, ya miƙa wa Abba. Abba kuwa ya miƙo hannu zai karɓa, da alama sun saba. Na kaɓe ta ta faɗi ƙasa. Na buɗe durowa na ɓare sabuwa daga leda, na canza tiyon gaba ɗaya, na saƙala wa Abba na ƙara ƙarfin iskar.

Abba ya ja numfashi uku kafin ya iya magana. "Uwata, kada ki kunyata baƙo. Ni na ba shi. Ƙirjinsa ke kama shi, ya ce asibiti layi ya yi yawa. Na ce ga iska nan a gida tana zuba a banza, in na sha na rabin awa shi ma ya sha. Ni ai na riga na yi ciwon, ba abin da zai same ni."

"Tun yaushe, Abba?"

"Tun Litinin."

Na juya na kalli mutumin. "Ba hira kake zuwa yi ba. Ka san in ka je asibiti za a tambaye ka sana'arka. Ka tuna akwai inji a gidan su wawiyar nan, shi ne ka zo."

"Wallahi ba haka ba ne. Mura ce kawai. Kuma ai ina gogewa."

"Kana gogewa."

"Ki rage murya mana, su Umma na ji."

Ai kuwa sun ji. Umma na bakin ƙofa da tirenta, Gwaggo na leƙe ta kafaɗarta da leshi a hannu. Na ce su tsaya nan kada wadda ta shigo. Gwaggo ta ce, "Yau ga 'yar banza, a gaban surukin za ki yi mana hauka? Don ya ɗan shaƙi iska? Iskar ta ubanki ce ko ta Allah?"

"Gwaggo, makiyayinsa na can a killace, ƙodarsa ta tsaya. Shi ya ce a rubuta maigadi ne don kada a gane. Abin da na zana muku ranar Asabar, na tsakiyan, shi ake zargi."

Tiren Umma ya karkace, kofi ya zame ya fashe. Ta kalli Abba, ta kalli Mai Madara, ta kalle ni. Abin da ya fito daga bakinta, Allah ya yafe mata, shi ne, "To yanzu Lahadin fa?"

Na juya wurin Mai Madara. Na ciro takunkumi daga jakata na jefa masa a cinya, na ce ya sa, ya fita ya zauna a motarsa ya rufe gilashi, in ya tayar da ita ni da kaina zan ba da lambarta. Ya miƙe yana tangaɗi, ya tsaya a gabana, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"In za ki kira su, ki ce a wurin tsohon na ɗauka a mota. Kada ki ambaci garken. Don Allah."

Har a lokacin garken yake tunani. Na matsa gefe don kada rigarsa ta taɓa ni, ya wuce.

Likita ya ce kada in kusanci mahaifina, amma wa zai kusance shi in ba ni ba? Na buɗe taga na yaye labulen, na sa safar hannu, na ɗauko ma'aunin zafi na saka masa a hammata. Abba na kallona da idanun nan nasa na malami, wanda ya saba shi ke kwantar wa mutane hankali.

"Uwata, kuka kike yi?"

"A'a, Abba."

"Yaron ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Ni ma tun jiya nake ɗan jin sanyi sanyi, ban faɗa ba don kada ki ɗaga hankalinki. Ruwan wanka ne ya yi sanyi."

Ma'aunin ya yi ƙara. Na zaro na duba, na sake dubawa, na juya shi don kada ya gani. Na fita bakin taga na kira likita, bugu ɗaya ya ɗauka.

"Likita, na samo maigidan, yana ƙofar gidanmu a mota, a turo a ɗauke shi. Ka ce in nemo maka waɗanda ya zauna da su."

"Ina ji, biro na hannuna."

"Rubuta na farko. Namiji, shekara sittin da takwas, tsohon ciwon huhu, yana kan injin iska. Kwana huɗu suna shan roba ɗaya. Zafin jikinsa yanzu talatin da takwas da ɗigo tara."

Na ji ya ajiye biron a kan tebur.

"Wane ne?" ya ce, duk da na san ya sani.

"Abbana ne."